Walda ba ta ƙara wa mota birki

Ranar Asabar da ta wuce wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a gida, nan Lamorde. Daga aji shida na firamare ya bar makaranta, yanzu yana da rumfar walda a bakin hanyar Torodi. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi abin da Amurkawa suke yi." Bidiyo ne na wata akori-kura, irin wadda muke kira bashe, tana jan tirela mai girman ɗaki. Ashe wani mai sayar da itace ne ya kawo masa Hilux, yana son a yi mata irin wannan aiki, don ya riƙa kwaso lodin sawu uku a sawu ɗaya.

Dabarar tsohuwa ce. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan kan tirela ya ga wani faifan ƙarfe mai siffar kofaton doki, shafe da giris. A cikinsa ne turken ƙarfen da ke ƙasan tirela yake shiga ya kulle. A Amurka ana kafa ƙaraminsa a bayan akori-kura, daidai saman ƙafafun baya, a ɗaure shi da shasi. Amfaninsa shi ne tirela ba ta yawan lilo kamar wadda aka maƙala a ƙugiyar baya.

Na ce masa, "Zauna, yarona, mu yi lissafi." Hilux tana ɗaukar abin da bai wuce tan 1 da wani abu ba, har da direba da karen mota. A irin wannan haɗi, kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin tirela a kan faifan yake sauka. Mai itacen yana son tan 5, ke nan tan 1 ya hau bayan motar tun ba a lissafa nauyin faifan da na mutane ba. Sannan iyakar abin da Toyota ta yarda sababbin Hilux su ja shi ne kilo 3,500, shi ma sai tirelar tana da birkinta. In ba ta da shi, kilo 750 ne kawai. Tirelar da suke shirin ƙerawa kuwa ba ta da birki.

Sai ya ce ai zai ƙara mata sifirin. To, nan ne kuskuren da muke gani kullum a motocin itace da na siminti. Sifirin yana hana mota durƙushewa, ido ya ga kamar lafiya lau. Amma taya da shasi da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Ranar da direba ya taka birki da gaggawa, tirelar ce za ta turo motar gaba. A wannan gaɓa tamu ta kogi, gaban motar nan ƴaƴanmu ne masu zuwa makaranta, da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni, da masu kai marasa lafiya asibitin Lamorde.

Na san mai itacen zai ce man fetur ya yi tsada, babbar mota kuma ba ta sayuwa. Gaskiyarsa. Sai dai ribar sawu biyun da zai rage ba za ta biya ran yaro ɗaya ba.

Laifin da na fi gani namu ne, mu malamai. Yaron nan gwani ne a aikinsa, kuma ni na koya masa kashi cikin ɗari a allo, amma ban taɓa nuna masa inda zai yi amfani da shi ba. A makarantar horon malamai an ce mana mu fara darasi da abin da yaro ya sani, muka fito muka mance. Me zai hana mu shigo aji da takardar mota, wadda aka rubuta iyakar nauyi a jikinta, mu sa yara su lissafa buhun siminti nawa mai kilo 50 motar za ta ɗauka?

Ku kuma iyaye, ku kai yaro koyon sana'a, abu ne mai kyau. Amma kada ku cire shi daga makaranta kafin ya iya karatu da lissafi, don rayukan mutane za su hau abin da ya ƙera.

Ɗalibina ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya ce zai nuna wa mai motar, in ya yarda ya ƙera masa ƙaramar tirela, in ya ƙi ya nemi wani mai waldar.