Dole, Hani da Wataƙila: Yadda Ake Haɗa Taswirorin Manhaja

A wannan mako za mu leƙa wani aiki da injiniyoyin manhaja ke yi tun kafin su rubuta wa kwamfuta layin umarni ko ɗaya, wato zana taswirar ɗabi'a. Taswira ce ta da'irori da kibiyoyi. Kowace da'ira wani hali ne da na'ura za ta iya shiga, kowace kibiya kuma abin da zai faru ne ya kai ta daga wannan hali zuwa wancan.

Mu ɗauki na'urar ATM, tunda yawancinmu mun taɓa bin layinta. Ma'aikacin da ke hulɗa da masu ajiya zai zana tasa taswirar: an saka kati, an danna lambar sirri, an zaɓi adadi, kuɗi ya fito. Jami'in tsaron bankin shi ma zai zana tasa: idan aka yi kuskuren lamba sau uku a riƙe katin, kuma kada ko kobo ya fito kafin a tantance lambar. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, sai dai babu wanda ya faɗi duka. Ku tambaye su me na'urar za ta yi idan sabis ya yanke bayan an zare kuɗin daga asusu amma bai fito ba. Taswirorin biyu duk sun yi gum. Wanda aka taɓa zare masa kuɗi bai ga ko sisi a hannu ba ya san wannan shiru ba ƙaramin abu ba ne.

To, yaya za a fassara shiru idan an zo haɗa taswirorin wuri guda? A taswira irin ta da, abin da aka zana zai faru, abin da ba a zana ba kuwa an hana shi. Idan muka bi wannan, riƙe kati ya zama abin hani ke nan, don kawai ma'aikacin farko bai ambace shi ba. Alhali bai hana ba, tunaninsa ne bai kai wurin ba.

A 1988 wasu masana biyu 'yan ƙasar Denmak, Kim Larsen da Bent Thomsen, suka fito da tsarin da ya raba kibiyoyi gida biyu: na dole da na wataƙila. Abin da ba ya cikin ko ɗaya shi ne hani. Da wannan, mai zane ya samu damar cewa “nan ban yanke hukunci ba tukuna” ba tare da ya yi ƙarya ba. A 2004 kuma Sebastian Uchitel da Marsha Chechik suka wallafa bincike kan yadda za a haɗa irin waɗannan taswirori marasa cika. Ainihin dabarar ba ta da wuyar ganewa. Dole ta haɗu da wataƙila, ta zama dole. Hani ya haɗu da wataƙila, ya zama hani. Wataƙila biyu suka haɗu, a bar su a wataƙilarsu, kada wani ya cike gurbin da son ransa. Idan kuwa dolen wani ta ci karo da hanin wani, babu haɗi. Sai a ajiye alƙalami a kira mutanen biyu su zauna. A ganinmu wannan karo shi ne babbar ribar aikin, domin gara rigimar ta tashi a kan takarda.

Ga abin da kan faru idan ta tashi a wani wurin. Ranar 14 ga Satumba, 1993, jirgin sama ƙirar Airbus A320 na kamfanin Lufthansa ya taso daga Frankfurt ta Jamus ya sauka a Warsaw, babban birnin Poland, ana tsaka da ruwan sama da iska. Akwai ƙa'idoji biyu masu kyau a tsarin jirgin. Ta farko, idan ya sauka dole matuƙi ya iya juya ƙarfin injin don rage gudu. Ta biyu, an hana yin haka yana sama, domin hatsari ne babba. Abin da ke raba su shi ne yadda kwamfutar ke gane cewa jirgi ya taka ƙasa: tana duba ko nauyi ya hau manyan ƙafafunsa biyu, tana kuma duba gudun juyawar tayoyi. A ranar, ƙafar dama ce ta fara taka ƙasa, ta hagu ba ta taka ba sai bayan daƙiƙa 9, tayoyin kuma suna sulɓi a kan ruwa. A duk tsawon wannan lokaci kwamfutar na ɗaukar jirgin yana sama, don haka ta ƙi sakin na'urorin rage gudu. Jirgin ya zarce ƙarshen titin ya daki tudun ƙasa, ya kama wuta. Mutum 2 daga cikin 70 suka rasu. Masu bincike sun ambaci bayanin iska da aka ba matuƙan da kuma shawarar da suka yanke, don haka ba kwamfutar kaɗai ke da laifi ba. Amma halin “ƙafa ɗaya a ƙasa, tayoyi na sulɓi” ya faɗa tsakanin ƙa'idojin biyu, kuma daga baya an sauya sharaɗin.

Wani zai ce, ai sai a zauna a lissafo duk halayen a huta. Ku gwada da kalkuleta: na'ura mai sassa 10, kowane sashe da hali 10, tana iya shiga yanayi biliyan 10. Shi ya sa ake ba wata manhaja aikin haɗawa da bin kowace kibiya, mutane kuma su ji da wuraren da ta nuna akwai karo ko gurbi.

Ga aikin wannan mako. Ku rabu rukuni biyu a aji, kada wani rukuni ya leƙi takardar ɗayan. Na farko ya zana taswirar manhajar jarrabawa ta kwamfuta, irin wadda ake rubuta JAMB da ita, ta fuskar ɗalibi; na biyu ya zana ta fuskar mai sa ido. Ku ja kibiyar dole da jan biro, ta wataƙila da fensir, ku jera abubuwan hani a gefe. Bayan kun haɗa, ku duba abin da taswirarku ta ce idan wuta ta ɗauke saura minti 5 a tashi, ɗalibi bai danna maɓallin miƙa amsa ba. Ku aiko mana da abin da kuka samu, tare da sunan makarantarku da ajinku.