Hannun Mai Wankin Mota Ba Tsumma Ba Ne

Duk wanda ya taɓa kai mota wanki a birnin Sakkwato ya ga samarin nan da hannuwansu tsundum cikin bokitin kumfa tun safe har magariba. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa duban hannuwan: sun yi kaushi, sun tsattsage, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa tsakanin yatsu. In an yi magana, maigidan wurin ya ce hunturu ne, ko ya ce yaron zai saba. Ya kamata mu daina karɓar wannan amsa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Sabulun ruwa na wanke mota da abin feshin kujeru yawancinsu ruwa ne, kuma in suka daɗe a ajiye sukan lalace. Shi ya sa masana'antu ke zuba musu sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Daga cikin waɗanda aka fi zubawa akwai methylisothiazolinone, wanda ake taƙaitawa MI ko MIT, da danginsa masu ƙarewa da isothiazolinone.

Fata ba ta sabawa da wannan sinadari. Akasin haka ne ke faruwa. Mutum zai yi watanni yana taɓa shi lafiya ƙalau, har ranar da garkuwar jikinsa za ta ɗauke shi abokin gaba. Daga nan, ko ɗan ƙanƙane ya taɓa, sai ƙaiƙayi da kumburi su taso bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma galibi haka zai zauna har ƙarshen rayuwarsa. Fatar da hunturu da omo suka riga suka tsaga kuwa ƙofa ce a buɗe.

Masu cewa ai kaɗan ne ake zubawa su saurara. A 2013 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta ayyana MI a matsayin sinadarin shekara wajen tayar da borin fata. Tarayyar Turai ta haramta shi a man shafawa daga 2017, ta kuma ƙayyade shi zuwa kashi 15 cikin miliyan a sabulun wanka da na gashi. Dokarta ta tilasta rubuta sunan sinadarin hana lalacewa a jikin kayan wanki komai ƙanƙantarsa. Mu kuwa a nan ana ɗura sabulu a tsohuwar robar ruwa, ba suna, ba lambar NAFDAC, a miƙa wa yaro. Wanda bai san abin da ke cikin jarkarsa ba, da wane baki zai ce ba ya cutarwa?

Ɓarnar ba ta tsaya a hannu ba. Turai ta sa MI cikin jerin abubuwa masu tsananin guba ga halittun ruwa. Ruwan wanki na bin lambatu, damina ta kwashe shi zuwa gulbin Sakkwato da na Rima, inda masunta ke jefa taru, manoman fadama ke ban ruwan albasa.

Hakkin farko na kan maigidan wurin: ya sayi kaya mai rubutu, ya ba ma'aikatansa doguwar safar hannu ta roba, ya haƙa ramin tsotse ruwa. NAFDAC da NESREA su leƙa wuraren nan. Iyaye kuma, in kuka ga ƙaiƙayin hannun ɗanku na lafawa idan ya huta, yana dawowa idan ya koma aiki, ku kai shi wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da robar sabulun. Kada ku dogara da man shafawar kemis mai sitiroyid: yana ɓoye ciwon, yana sirantar da fata.

Kai kuma mai mota, kafin ka yaba ƙyallin motarka, dubi hannun da ya miƙo maka makulli.