Ina waɗanda suka yi rajista a gidan motsa jiki suka shige?

Idan kana zuwa gidan motsa jiki a Kano, Kaduna ko Abuja, ka san yadda abin yake. Farkon Janairu ko bayan ƙaramar Sallah sai ka bi layi kafin ka hau na'urar gudu. Kafin wata biyu wuri ya yi fayau, daga mai horarwa sai 'yan ɗaga ƙarfen da ba sa fashi. Mai wurin ya ce lalaci ne. To, akwai lalacin, amma ba shi kaɗai ba ne.

Duba aljihu tukuna. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 kuma aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin lantarki zuwa naira 225 kowane yunit. Mai gidan motsa jiki yana fama da wuta da janareta, dole ya ƙara kuɗin wata. Matashi kuma yana fama da kuɗin adaidaita sahu, zuwa da dawowa. Idan lissafi ya ƙi, abin da ake fara yankewa shi ne abin da ba a ci.

A Amurka rashin zuwan mamba ba ya tayar wa mai wuri hankali sosai. A 2006 masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike kan gidajen motsa jiki uku na can. Sun gano masu biyan sama da dala 70 a wata ba sa zuwa fiye da sau huɗu zuwa biyar. Kowane zuwa ya tashi musu sama da dala 17, alhali da tikitin zuwa goma suka saya, dala 10 ne kowane zuwa. Kuɗin wata daga katin banki ake cirewa kai tsaye, ko ka zo ko ba ka zo ba. Mu kuwa a nan yawanci mutum da hannunsa yake biya. Ran da ya daina zuwa, ran nan kuɗinsa ya daina shigowa.

Saboda haka, kai mai wuri, ajiye kwaikwayon tsarin Turawa. Ka buɗe littafi ko manhaja, ka riƙa rubuta wanda ya zo. Duk wanda ya yi kwana goma ba a gan shi ba, mai horar da shi ya tura masa saƙo ta WhatsApp: "Kwana biyu, lafiya dai ko?" Kada saƙon farko ya zama "kuɗinka ya ƙare". Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya yi wata uku a gida kunya ma kaɗai ta isa ta hana shi dawowa.

Idan ya amsa, ka saurari dalilinsa. Mai jarrabawa ko tafiya, dakatar masa da kwanakinsa har ya dawo. Wanda kuɗin wata ya yi wa nauyi, sayar masa da tikitin zuwa goma. Da azumi ka mayar da lokaci bayan tarawi, da bazara kuma bayan asuba. Mata ka ware musu sa'o'insu da mai horarwa mace, ai da yawa ba don kuɗi suke gudu ba, don idon maza ne. Sannan ka haɗa mutane uku-uku ko huɗu-huɗu. Wanda ya san abokai na jiransa da wuya ya koma barci.

Kai kuma da takalminka ya yi ƙura a ƙarƙashin gado, maganar ta wuce ta faffaɗan ƙirji da hoton Instagram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa cika hakan. Hawan jini da ciwon suga ba sa jiran ka tsufa, maganinsu kuma na wata-wata ne har iya rayuwa.

Ka koma, ko da sau biyu a mako ne, kuma ka fara da ƙaramin nauyi. Idan kuɗin ne babu, faɗa wa mai wurin gaskiya, ka ji me zai ce. In bai sassauta ba, filin ƙwallon unguwarku ba ya karɓar rajista. Kira abokinka yau da daddare, ku sa lokaci gobe bayan asuba.