Bakwaini ba ya son yawan hannu, ba ya son kafso

Duk wanda ya taɓa zuwa barka a Magarya ko Dungas ya san yadda ake yi: jariri na yawo daga hannun gwaggo zuwa na inna, kowa ya sumbace shi, wata ta sa masa yatsa a baki. Ga ɗan da ya cika wata tara, da sauƙi. Ga bakwaini, wanda ya fito kafin mako 37, wannan ƙaunar tana iya zama ajalinsa.

Akwai wata ƙwayar cuta dangin funfuna, likitoci na kiranta kandida. Tana zaune a fatarmu da bakinmu ba tare da ta dame mu ba. Ita ce ke sa farin abin nan kamar daskararren nono a harshen jariri. Amma bakwaini fatarsa kamar takarda take, garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, sai ƙwayar ta shige jini, ta kai ƙoda, ido, har ƙwaƙwalwa. Kuma ba ta zuwa da ganga. Yaro ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, ya yi laƙwas, shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kafso. Jariri ya ɗan yi kuka, sai a aika yaro wajen mai tallar magani a tire, a fasa ampisilin ko amoksisilin a cokali a ɗura masa. Antibiyotik ba ya kashe kandida. Ƙwayoyin kirki da ke tsare hanji yake sharewa, ya bar mata fili ta yi yadda ta ga dama. Shi ya sa ko a asibiti likitoci ke taƙaita shi ga bakwaini gwargwadon hali. A wasu ɗakunan jarirai, inda cutar ta yi yawa, ana ba waɗanda ba su kai kilo 1 ba flukonazol don rigakafi, amma wannan hukuncin likita ne, ba na mai tire ba.

Wani zai ce asibiti tsada. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma ƙungiyar MSF ta fara aikin yara a Magarya a 2005. Na san kuɗin kabu-kabu daga ƙauye ba wasa ba ne, musamman da damina. Duk da haka bai kai kuɗin jinyar cutar da ta shiga jini ba.

A gida fa? A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, masu barka su yi daga bakin ƙofa. A ba shi dakashi, kada a matse a zubar da sunan guba ne. Ban da zuma, ban da ruwan tsimi, nono kawai. A kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata. A Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara hakan da zarar an haihu, ba sai an jira ba.

Mu malamai muna koyar da tsabtar jiki a lakwal, yara su haddace, su rubuta a jarrabawa. Yarinyar da ke ajin ƙarshe na firamare yau, da yamma ita ce ke goyon ƙaninta, ita ce ake aika sayen kafson. A darasin mako mai zuwa, a kawo buta da sabulu cikin aji, a kuma gaya mata abin da za ta ce wa gwaggo in ta miƙo hannu.