Wa Zai Ɗanɗana Mana Kunu?

A Turai da Amurka akwai mutanen da ake horarwa, a yi musu jarrabawa, a ba su takardar shaida, don kawai su ɗanɗana giya su faɗi matsayinta. Musulmi zai ji wannan ya yi tsaki, kuma yana da hujja, domin giya haram ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta, babu mai jayayya a kan haka a cikinmu. Sai dai mu mazauna Abena ba za mu ce ba mu san da ita ba. Da yawa daga cikin maƙwabtanmu 'yan kudancin Chadi ne, matansu na dafa bili-bili da jar dawa, ga kuma Gala ta Mundu a mashayu. Su da addininsu da al'adarsu, mu da namu, ana zaman mutunci. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wani hali da masu wannan abin sha suke da shi, na nesa da na kusa, wanda mu muke saki. Sun san abin da suke sha, suna da sunan kowane ɗanɗano, suna bambanta gwani da ɗan koyo, suna kuma biyan gwani haƙƙinsa. A ganina kunu da zoɓo da fura sun fi cancantar wannan hidima, kuma idan ba mu yi musu ita ba, za su lalace a hannunmu muna ji muna gani.

Mu fara da labarin na nesa, domin akwai darasi a ciki. A ƙarshen shekarun 1970 wuraren yin giya a duk faɗin Amurka ba su kai ɗari ba. Manyan kamfanoni sun haɗiye ƙanana, abin da suke fitarwa kuma ya zama kusan iri ɗaya, mai sanyi, mai kumfa, marar hali. A Ingila ma an ga haka, har wasu masu sha suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiyarsu. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa Amurkawa dafa giya a gida, sai masu ƙaramin jari suka shiga sana'ar. Ɗaya daga cikinsu, Sierra Nevada, ya fara aiki a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980. Yau irin waɗannan wurare sun haura dubu tara.

Abin da suka fi shahara da shi wata giya ce mai hasken launi da tsananin ɗaci. Ɗacin na fitowa ne daga furen wata shuka mai yaɗo da Faransawa ke kira hublon. Furen yana hana giya saurin lalacewa, shi ya sa Ingilishi suka riƙa cika shi a wadda suke lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya, tafiyar watanni ta kudancin Afirka, har irin ta samu sunan da ake taƙaitawa IPA. Amurkawa suka farfaɗo da ita da nasu irin furen, wanda aka ce yana ƙamshin ɓawon lemo da na ƙaro. Ɗacin kansa sun yi masa ma'auni na lamba. A 1985 suka kafa tsarin horar da alƙalan ɗanɗano, suka fitar da takardar maki hamsin: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin yake a baki 5, hukunci na gaba ɗaya 10. Alƙali ba ya ganin sunan mai giya, lamba kawai yake gani, kuma dole ya rubuta dalilin kowane maki da ya bayar ko ya hana.

Ku lura da abin da ya ceci waccan sana'a. Masu sha ne suka ƙi yarda a shayar da su komai da komai, suka koyi faɗin abin da harshensu ya ji. Da mai saye ya iya bambancewa, sai mai ƙoƙari ya samu kasuwa, mai ha'inci ya ji kunya. Haka yake a nan kusa da mu: mai shan bili-bili yakan wuce gida uku ya shiga na huɗu, don ya san hannun wace ya fi.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Kakanninmu fatake da suka yi ta safarar goro daga Gwanja sun riga su auna ɗaci. Ɗan goro yana da sunan kowane mataki: goriya ita ce babba zaɓaɓɓiya, marsa na biye, minu ƙananan da ake bai wa yara da almajirai. Ya san fari da ja, ya san sabo, ya san daushe da ya kwana biyu ɗacinsa ya kwanta gardinsa ya fito. Yana ɓantara ɗaya ya gaya maka ko an kula da huhun a hanya ko an bar shi ya sha iska. Da wannan sani aka yi ciniki daga Kano har Fort-Lamy, tun kafin a sauya wa birnin nan suna zuwa N'Djamena a 1973, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɗan goro ya yi iyayi don ya ƙi sayen ruɓaɓɓe da kuɗin goriya.

Harshenmu ma bai gaza ba. Muna da zaƙi da ɗaci da tsami da yaji, waɗanda kowa ya sani. Muna da bauri, wato abin da ke ɗaure harshe kamar ɗanyen goro. Muna da gardi na gyaɗa da aya, da zartsi na ruwan wata rijiya, da maƙaƙi da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro, da lami ko salam na abin da ba shi da ɗanɗano. A wajen hanci muna da ƙauri na abin da ya kama a tukunya, da ƙarni na nonon da ba a wanke ƙwaryarsa da kyau ba. Muna cewa kunu ya yi kauri, ya tsinke, ya yi gudaji. Har muna da santi, kalmar da ta kama halin mutumin da daɗin abinci ya kwance masa baki. To, ku jarraba 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda Larabcin Chadi ya cika musu baki a titi, Faransanci a makaranta. Yawancinsu kalma biyu suka rage musu: da daɗi, ba daɗi. Zoɓo ma karkanji suka san shi, tsamiya kuma ardeb. Babu laifi a sanin harshen maƙwabta, ai da shi muke cin kasuwa. Amma yaron da bai san kalmar bauri ba, ba zai iya gaya wa mai zoɓo cewa ta bar shi ya daɗe a wuta ba. Zai dai daina saye ya koma lemon kwalba.

Dubi kunun zaƙi, a ga yawan ilimin da ke cikinsa. Ana jiƙa gero ko dawa, a wanke, a niƙa da citta da kanumfari. Sai a raba ƙullun biyu, a dama babban kaso da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen kason da aka haɗa da tsiron hatsi ko busasshen dankali, a rufe ya kwana, da safe a tace. A cikin tsiron da dankalin akwai wani sinadari da ke narkar da sitacin hatsi ya mai da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi da kansa. Idan aka zuba ɗanyen kason kunu na tsananin zafi, sinadarin ya mutu, idan kuma aka bari ya yi sanyi, ba zai yi aiki sosai ba. Tsohuwar da ke auna wannan da bayan hannunta, ba ta da ma'aunin zafi, tana yin aikin da injiniyoyin masana'anta ke yi da na'ura. Zaƙin da ta fitar yana da zurfi, yana tafe da ɗan tsami da ƙamshin gero, kuma yana riƙe ciki.

Yanzu me ake sayar mana a robobi? Sau da yawa ƙullu ne aka dama, aka tsinka da ruwa, aka danna masa sukari ko sakarin, aka sa ƙanƙara ta rufe asiri. Zoɓo kuma a tafasa kaɗan, a cika da garin lemo na fakiti da kala. Nono a tsinka shi da ruwa a ɗaure da garin kuka. Ba na ɗora laifin duka a kan matan da ke wannan sana'a, waɗanda da yawansu da ita suke ciyar da marayu. Gero ya yi tsada, itace da gas sun yi tsada, mai saye kuma kuɗi ɗaya yake miƙa wa wadda ta kwana tana aiki da wadda ta haɗa nata a rabin sa'a. Wa zai ci gaba da wahalar da ba a gani? Mu masu sha mu ne muka koya musu cewa ba mu bambancewa.

Akwai kuma abin da ya shafi addini kai tsaye. Matakin farko na kunun zaƙi, wato mai da sitaci sukari da tsiro, shi ne matakin farko na masu bili-bili. Inda aka rabu shi ne su suna sa yis su bar shi ya tashi, mu kuwa muna tacewa mu sha da wuri. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a garin nan, ga wutar lantarki ba tabbas, kunun da ya yi kwanaki a rufe yakan fara tashi da kansa. Roba ta kumbura, ka buɗe ka ji tsit, ƙamshi ya sauya, harshe ya ji wani cizo da ba na citta ba. Wanda ya san tsamin kunu na asali zai gane nan take ya ajiye. Wanda bai sani ba zai shanye, har ya ba yara. Ashe horar da harshe yana cikin tsare halal.

Na san abin da malamai 'yan'uwana za su kawo. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ladabi ne na wanda aka ajiye wa akushi, kuma yana nan daram. Baƙon da ya kushe kunun matar gida bai da tarbiyya. Amma ya tabbata kuma cewa ya sa hannunsa a tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Daga nan malamai suka fitar da babin hisba, kuma a ƙasar Hausa sarkin kasuwa yana duba mudu da kaya. Abin da aka kawo sadaka a karɓa da godiya. Abin da aka kasa don sayarwa kuwa, duba shi haƙƙin jama'a ne.

Wasu za su ce ɗanɗano ra'ayi ne, kowa da abin da ransa ke so. Gaskiya ne wani ya fi son tsami, wani zaƙi, kuma ba za a yi wa mutum dole ba. Amma ƙauri aibi ne a bakin kowa, haka tsakuwa a fura, haka maƙaƙin sakarin. Alƙalan giyar can ma sun raba abin da mutum ya fi so da abin da yake kuskuren aiki, kuma a kan na biyun suke rage maki. Wasu kuma za su ji tsoron gaba tsakanin mata, kuma wannan tsoro ne mai tushe, domin mu 'yan kaɗan ne a unguwar nan, ba mu da yawan da za mu yi asarar zumunci saboda kofin kunu. Maganinsa yana cikin tsari.

Ga shawarata ga dattawanmu da ƙungiyoyin matanmu. A cikin watan Sha'aban, kafin kasuwar azumi ta buɗe, a sa rana guda. Duk mai sayar da kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, lamurje ko fura ta kawo nata a kwano iri ɗaya, a manna lamba, ba suna. Alƙalai su kasance tsofaffin mata biyar da kowa ya yarda da hannunsu, a zaunar da 'yan mata da samari kusa da su riƙe da littafi. A duba abu biyar: launi, ƙamshi, kauri, ɗanɗano, da abin da ya rage a baki bayan an haɗiye. A sha ba ƙanƙara, domin sanyi na ɓoye aibi. Duk kalmar da tsohuwa ta furta a rubuta ta da ma'anarta. A bayyana sunayen uku na farko kawai, sauran kuwa a gaya wa kowace gyaranta a asirce, tsakaninta da alƙalai. Kyautar ba sai ta yi yawa ba, buhun gero ya isa.

Sauran aikin yana kan maza masu cefane da masu shirya suna da ɗaurin aure. Idan za a yi taro, a ba gwanar unguwa kwangilar kunu da zoɓo kafin a tura yaro sayen kiret na lemo, a biya ta farashin aikinta ba tare da ƙorafi ba, a kuma faɗi sunan gidan da ya fito idan baƙi sun yaba. Mai sayen goriya bai taɓa biyan kuɗin minu ba.

Tsofaffin da suka iya auna zafin ƙullu da bayan hannu suna raguwa kowace shekara, kuma babu littafin da ya adana abin da suka sani. Sha'aban mai zuwa bai yi nisa ba. Allah Ya ba mu ikon farawa, Ya sa albarka a hannun iyayenmu mata.