Waifar Fijon Kawu da Abin da Ba Ma Rubutawa

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da waifar mota. A yi haƙuri a biyo ni.

Kawuna yana da Peugeot 504, Fijo mai dogon baya, wadda ya saya tun kafin a yanke jihar Jigawa daga Kano a 1991. A watan Agustan bara muka taso daga Dutse bayan magariba za mu koma Ringim, ni nake tuƙi. Tsakanin Kiyawa da Jahun hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na kunna waifa. Ta miƙe kamar tsoho mai ciwon gwiwa, ta kai rabin gilashi, ta tsaya tana shawara, sannan ta ƙarasa. Kafin ta dawo ruwa ya sake rufe komai. Fitilun wata babbar mota suka hasko mu, gilashin ya zama fari fat, ban ga kwalta ba, ban ga gefen hanya ba. Allah ne ya kiyaye. Muka sauka gefe muka zauna kusan sa'a guda, Kawu yana jan carbi, ni ina jin ƙafata tana rawa a kan birki.

Washegari na kai motar wajen wani matashi mai wayarin. Bai buɗe komai ba. Ya kunna, ya kalla, ya ce injin waifar ya mutu, sai an sayo wani a Ƙofar Ruwa a Kano. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "Abin da ya mutu yana motsi ne? Kai ta wajen tsohon nan."

Tsohon nan bakanike ne da ya koyi sana'a a zamanin da Fijo ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce motar amarya. Na gaishe shi na ce, "Baba, an ce injin waifa ne." Ya ce, "An ce. To mu tambaye ta, ɗana."

Ga yadda ya tambaye ta. Da farko ya jiƙa gilashin ya kunna, ta yi nauyinta. Ya ɗaga hannuwan biyu daga kan gilashi ya sake kunnawa, ba ta ƙara sauri sosai ba. Wannan ya nuna masa ba robar ce ke kama gilashi ba. Sai ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya cire kan batir. Ya ce injin waifa yana da wata hanyar wuta da ke mayar da hannuwa wurin kwanansu ko bayan an kashe makunni, kuma ya taɓa ganin ƙarfen ya datse ɗan yatsan yaron gareji. Ya buɗe murfin da ke ƙasan gilashi, ya raba injin da sandunan da ke tura hannuwa, ya mayar da wuta. Injin shi kaɗai, ba kaya a kansa, ya juya, amma yana nishi. Sandunan kuwa, da ya ce in tura su da hannu, sai da na sa ƙarfi na gaske. Ya ce lafiyayyu da ɗan yatsa ake tura su.

Ciwo biyu ke nan, kuma ba ko ɗaya da ake kira mutuwa.

Dalilin da ya ba ni shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ya ce waifa a ƙasarmu barci take yi wata bakwai zuwa takwas. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har faɗuwarsa wajen Yuni ba mai taɓa ta, sai direban da ke share ƙura da ita a busasshen gilashi yana karce shi. Duk tsawon hunturu ƙura tana shiga ramukan nan biyu da gindin hannuwan ke juyawa a ciki. Zafin bazara ya zo ya busar da man da ke wurin. Ruwan farko ya jiƙa ƙurar ta zama laka, tsatsa ta biyo baya. A cikin injin kuma akwai wani ƙarfe mai zare kamar na kusar ɗauri da ke juya faifai mai haƙora, su biyun suna kwance cikin giris. Giris ɗin da ya shekara talatin ya daskare. Da ya buɗe ya nuna mini, ya yi kama da tsohuwar alewa.

Ya zare gindin hannuwan, ya wanke da kalanzir, ya goge tsatsar da samfefa mai laushi, ya shafa sabon giris. Kafin ya kwance ɗan ƙarfen da ke bakin injin sai da ya yi masa alama da ƙusa, don in aka mayar da shi a karkace waifa za ta riƙa kwana a tsakiyar gilashi. Ya kankare tsohon giris ɗin ciki, ya duba gawayin nan uku da ke shafar jan ƙarfen da ke juyawa, ya ce na ukun shi ne na gudu na biyu, kuma duk da sauransu. Sannan ya zo kan abin da ya ce shi ake fi mantawa: wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Wurin da aka ɗaure ta ya yi tsatsa. Batir mai lafiya yana ba da volt 12 da 'yan kai, in inji na aiki ya kai wajen 14, amma in hanyar komawa ta toshe, abin da ke isa injin waifa ba ya kai haka, sai ya yi ta jan ƙafa yana zafi. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure. Da aka kunna, waifar nan ta kama kai da komo har Kawu ya yi dariya.

Abin da aka saya: kalanzir kaɗan da giris. Da na bi maganar farko, da na ɗora sabon inji a kan sandunan da suka cije, shi ma ya gaji kafin ƙarshen damina, in ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

To ga inda maganar ta shafe mu. Na daɗe ina karanta littattafanmu, na takarda da na waya. Mota tana cikin kusan kowanne. Amma wace irin mota? Wadda Alhaji ya faka a harabar gida, wadda aka ba amarya makullinta, wadda ta yi hatsari a babi na ashirin don a raba masoya. Ba ta taɓa lalacewa ta hanyar da mota ke lalacewa. In ma ta tsaya, layi ɗaya ne: mota ta samu matsala. Wace matsala? Marubucin bai sani ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Bakanike in ya fito, ya fito ne da dauɗa a jiki don a nuna talaucin saurayin da iyayen yarinya suka ƙi.

Ni ina ganin wannan ragwanci ne, kuma asara ce babba. Dubi tarihin motar nan kaɗai. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma aka ci gaba da haɗa 504 a Nijeriya har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Shekaru talatin ke nan Hausawa suna kwance ta suna ɗaurawa, daga Kaduna har Maraɗi. Sun san kukanta, sun san warinta, sun raɗa wa kowane ƙarfe nata suna. Wannan ilmi yana cikin kan mutane irin tsohon nan, waɗanda yawancinsu sun haura sittin. Duk wanda ya faɗi, da nasa ya tafi. Mu kuma da muke kiran kanmu masu adana harshe muna can muna kwatanta launin labulen ɗakin amarya shafi uku.

Za a ce mini labari ba littafin koyon kanikanci ba ne. Gaskiya ne, kuma ban ce a cika babi da sunayen ƙarafa ba. Amma ka sake karanta abin da ya faru da mu a hanyar Jahun. Akwai tsoro a ciki, akwai taurin kan dattijo, akwai matashin da ya yanke hukunci bai duba ba, akwai tsohon da ya zare makulli ya sa a aljihu saboda wani yatsa da ya gani shekaru da suka wuce. Wannan zare makullin ya gaya maka wane ne shi fiye da a ce "mutum ne mai hankali da natsuwa". Kuma ba ka iya ƙirƙiro shi daga kan katifa. Sai ka je ka zauna a benci a gareji, ka sha ƙamshin baƙin mai, ka yi tambayar da za a yi maka dariya.

Matashin nan ma ba zan ɗora masa laifi duka ba. Motocin da ya tashi ya tarar, yawancin kayansu a rufe suke zuwa, ba a yi su don a buɗe ba. Mai mota yana tsaye yana duba agogo. Wanke inji aikin rabin yini ne, kuma in ya gama mai motar zai ce ai ba ka sa komai ba, me zan biya? Canji ya fi kawo kuɗi, ya fi sauri, wani lokacin ma shi ne daidai, in wayar cikin injin ta ƙone ko haƙoran faifan sun cinye. Shi ma labari ne, kuma ban ga wanda ya rubuta shi ba.

Sai maganar kalmomi, don na san malaman nahawun zauren nan sun riga sun ɗaga gira tun daga take. Me ya sa na rubuta waifa ban ce magogin gilashi ba? Domin ba direba ko ɗaya a tashar Ringim da zai ce a gyara masa magogi. Waifa, birki, giris, batir, bonet, sun shiga bakin Bahaushe sun zauna, sun karɓi jinsi, har muna cewa waifar ta gaji. Abubakar Imam da Rupert East sun yi bayanin halittu da al'amuran kimiyya da Hausa a Ikon Allah, kuma ba su ji kunyar aron abin da ya kamata a ara ba. Inda nake tsayawa shi ne inda kalmar ba ta shiga ba tukuna. Can gara ka kwatanta abin da idonka ya gani, kamar yadda na ce faifai mai haƙora, da ka jefo Turanci ɗanye ka bar mai karatu a hanya. Wannan ma ba ya yiwuwa sai ka ga faifan.

Na koma wajen tsohon bayan sati biyu da littafin rubutu. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, ɗan jarida ka zama?" Na ce a'a Baba, tambaya zan yi. A zama ɗaya na cika shafi shida, kan kafireta kawai. Da zan tafi ya ce in gaya wa Kawu ko da rani ya riƙa jiƙa gilashi yana kunna waifar sau ɗaya a sati, kuma robar da ke kai rana ta cinye ta, a canza kafin ruwan baɗi. Ita wannan ba ta gyaruwa, saye ake yi.