Zare: Shafin jagora da ke tura ka gidan da babu kowa

1/ Jama'a, wani abu ya tsaya min a rai tun makon jiya. A ƙasan yawancin shafukan man, wato jagorar da ke zuwa cikin tsarin Unix da danginsa, akwai sashen SEE ALSO, ma'ana "duba kuma". Ba kowa ke kula shi ba. Ni dai ya cinye min dare guda. 🧵

2/ Ina aikin kwas ɗin sadarwar kwamfuta, washegari za a miƙa. An ɗauke wuta, data ta ƙare. Sai na koma kan man, tunda shi ba ruwansa da intanet. Shafin ya ce in duba wani umarni. Na buga, babu. Na nemi shafinsa, shi ma babu.

3/ Wallahi na ɗauka ni na ɓata wani abu, har na kusa goge komai in sake girkawa. Sai da safe na gano ashe manhajar ba ta cikin tsarin sam. Ta wasu ce daban, sai ka sauke ta da kanka. Shafin bai ce uffan ba.

4/ Matsalar tana da asali. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun rubuta jagorar Unix ta farko a 1971, lokacin komai gida ɗaya yake. Yau kuwa akwai ainihin tsarin, akwai dubban manhajojin wasu da ake ɗorawa a kai, kuma abubuwa suna ƙaura tsakaninsu.

5/ Misali FreeBSD. Sun cire Perl daga ainihin tsarin a 5.0, shekarar 2003. A 10.0, shekarar 2014, suka cire BIND, dig da nslookup suka bi shi, drill ya shigo. Mai son dig sai ya je rumbun ports. Toh duk shafin da ya taɓa ambatar su fa?

6/ A Linux ma haka ne. ifconfig yana cikin net-tools, wanda rarrabuwa da yawa sun daina sawa tun farko, ip ya gaje shi. Amma tsofaffin bayanai har gobe suna tura mutane can.

7/ Wasu na cewa a goge duk ambaton manhajar waje kawai. Hujjarsu ba ta banza ba ce: ports na FreeBSD sun haura 30,000, ana canza suna, ana watsar da wasu. Masu aikin sa kai ne, wa zai bi sawun duk wannan?

8/ Ni ban yarda ba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai mai ba shi amsa. Ga sabon shiga, wannan sashen shi ne mai kwatance. In ka goge shi, gwani bai yi asarar komai ba, ɗan koyo ne aka bari a duhu.

9/ Mafita ita ce a faɗi gaskiya: in abin na waje ne, a rubuta na waje ne, ga inda yake. FreeBSD na da wannan al'adar, a sa sunan shafin, a bi shi da gurbinsa a ports. Da layi irin wannan na gani, da na yi barcina.

10/ Kuma ba sai an bi da ido ba. A harshen mdoc, ana rubuta kowace turawa da alamar .Xr, don haka na'ura na iya tantancewa. mandoc -T lint yakan nuna shafin da aka ambata amma bai same shi ba.

11/ Sharuɗɗana uku. A ambaci kaɗan, masu amfani na gaske. A faɗi inda ake samunsu. Wanda ya cire manhaja daga tsarin, shi zai bi shafukan ya gyara a lokacin, ba ya bar wa na baya ba.

12/ 'Yan uwana ɗalibai, mu da kullum muke cewa ba mu san ta inda za mu fara ba da gudummawa ba, ga ƙofa. Gyaran layi ɗaya ne. Nawa na rubuta shi, data nake jira in tura. Wa irin haka ta taɓa faruwa da shi? Ku faɗa min a ƙasa.